Waiwaye: Zaman Paris da Aka Tashi Baram-Baram

Duk lokacin da farashin gangar ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo, sai kiraye-kiraye su cika kafafen yaɗa labarai: a haɗa kai, masu sayarwa da masu saye su zauna a teburi guda. Haka aka yi a 2022, lokacin da yaƙin Yukiren ya sa ganga ta haura dala 120. Mai jin wannan kira zai zaci sabuwar dabara ce. An taɓa yin zaman nan, har na wata 18, kuma yadda aka tashi daga wurin shi ne yake bin kasuwar har yau.

Farkon labarin kowa ya sani. An kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a Bagadaza a 1960. A yaƙin Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka saka takunkumin mai, ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. A 1974 manyan ƙasashe masu saye suka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, da sharaɗin kowace ta tanadi man da zai maye gurbin abin da take shigowa da shi na kwana 60, daga baya aka kai shi kwana 90. Kowane ɓangare ya gina gidansa ke nan.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a Paris. A Disamban 1975 aka buɗe wani babban taro na wakilai 27: takwas daga ɓangaren masu masana'antu, 19 daga ƙasashe masu tasowa. Kanada da Benezuwela suka shugabance shi. Tun a zaman share fage na watan Afrilu aka ga alamar inda gizo ke saƙar, domin an shafe fiye da mako guda ana jayayya a kan ajanda kawai. Masu masana'antu sun zo ne don maganar mai. Ɗaya ɓangaren ya ce ba za a ware mai shi kaɗai ba, sai an haɗa da farashin koko da tagulla da gahawa, da kuma bashin da ya danne ƙasashe matalauta. Daga baya aka sasanta da kwamitoci huɗu: makamashi, albarkatun ƙasa, raya ƙasa, da kuɗi. Amurka da Saudiyya suka riƙe na makamashi tare.

Kowa da gaskiyarsa a wurin. Mai saye na son tabbacin cewa ba za a sake toshe masa famfo ba. Mai sayarwa kuwa yana kallon yadda hauhawar farashi ke cinye dalolin da aka biya shi: ganga nawa zai bayar bana kafin ya sayi injin da ya saya bara? Don haka ya nemi a ɗaure farashin mai da na kayan masana'antu. A tsakiya akwai irin su Zambiya da Jamaika da Pakistan, waɗanda ba su da man sayarwa, ba su kuma da kuɗin tanadin kwana 90.

A farkon Yunin 1977 aka rufe taron. An amince da tallafin dala biliyan ɗaya ga ƙasashe mafiya talauci, an kuma yarda a kafa asusun daidaita farashin albarkatu. Amma shawarar a ci gaba da tuntuɓar juna kan makamashi ba ta samu shiga ba. A ganina, a nan aka yi asara mafi girma, domin shekara 14 suka wuce kafin ministocin ɓangarorin biyu su sake zama, a 1991, a Paris ɗin dai. A cikin wannan gibi ne aka ga tashin farashi na 1979 da faɗuwarsa ƙasa warwas a 1986, kowa na fama shi kaɗai.

Zaman 1991 ya haifi Dandalin Makamashi na Duniya, IEF, mai hedikwata a Riyad. Ana musayar alƙaluma, ana tattaunawa, amma ba a yanke hukuncin da ya hau kan kowa. Sai an shiga uku ake ganin haɗin kai na gaske, kamar a Afrilun 2020, lokacin da tankunan ajiya a Amurka suka kusa cika har mai sayarwa ya koma biyan mai saye fiye da dala 37 a kan kowace ganga don ya kwashe. A watan ne OPEC da ƙawayenta suka amince su rage ganga miliyan 9.7 a kullum.

Iskar gas kuwa ko irin wancan tanadi na kwana 90 ba ta da shi. Da gas ɗin Rasha ya ragu a 2022, Turai ta bazama sayen na jiragen ruwa, farashi ya fi ƙarfin talaka. A Yulin shekarar, Pakistan, ɗaya daga cikin ƙasashe 19 ɗin nan na Paris, ta nemi a kawo mata jirage goma na gas. Ko mutum ɗaya bai taya ba.