Wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma: tambayoyi kan aikin da ya faro daga Samaru

Wace ƙungiya ce NPTA, kuma daga ina ta samo asali?

Nigerian Popular Theatre Alliance ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a 1989, mai cibiya a Zariya, wadda ke amfani da wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa wajen taimaka wa jama'ar karkara da unguwannin talakawa su tattauna matsalolinsu. Tushenta yana komawa ne ga 1975, lokacin da Michael Etherton, wanda ya taɓa irin wannan aiki a Zambiya, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya ya soma koyar da darasin wasan kwaikwayo. Daga cikin waɗanda suka ɗora a kan wannan harsashi akwai Salihu Bappa da Oga Steve Abah.

Me ya bambanta dandalin wasan jami'ar da sauran?

Dandalin da ake kira Drama Village, wanda Ba'amurke mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, ginin ƙasa ne mai fili a tsakiya kamar tsakar gidan Bahaushe. Babu labule, babu wani dogon dandamali da zai raba 'yan wasa da 'yan kallo, saboda haka ɗalibi tun yana ajin farko yake sabawa da yin wasa ido da ido da mutane.

Yaya ake shirya wasan a ƙauye?

Ba a zuwa da rubutaccen labari. Ɗalibai da malamansu kan fara da gaisuwa wurin mai gari, su sauka a garin na wasu kwanaki, su zauna da manoma a majalisa, mata kuma su shiga cikin gidaje su saurari matan aure. Abin da aka ji shi ake tacewa tare da mutanen gari har ya zama labari. A 1977 an yi Wasan Manoma a Soba, a daidai lokacin da gwamnatin soja ke yayata shirinta na ciyar da ƙasa, sannan aka yi wani a Maska a 1979.

A misali, a nuna manomi ya biya kuɗin taki tun kafin ruwa ya sauka, amma takin bai iso ba sai da dawa ta fara fitar da kai. A nan sai mai jagorantar wasan ya tsayar da shi, ya juya ga taro ya ce, "To jama'a, da ku ne, yaya za ku yi?" Wani dattijo zai miƙe ya karɓi matsayin manomin ya gwada tasa dabarar, wani kuma ya ce ba za ta yi aiki ba, ya faɗi dalili. Wannan salo ya amfana da tunanin masanin wasan kwaikwayo Augusto Boal da masanin ilimi Paulo Freire na Brazil, kuma a ganina shi ne zuciyar aikin baki ɗaya.

Shin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa?

Ko kusa. Wanda ya ga yara suna tashe a cikin azumi, ko ya ji labarin wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, ya san cewa Bahaushe ya daɗe yana faɗa wa manya gaskiya ta hanyar raha. Shi ya sa ake neman makaɗan garin su buɗe fage, domin kalangu ya fi kowace sanarwa saurin tara jama'a.

Wa ke ɗaukar nauyin aikin, kuma ina matsalar take?

Mafi yawan kuɗin irin wannan aiki daga ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje yake fitowa, kuma kowace takan zo da batun da ta fi damuwa da shi, ko rigakafi, ko ƙanjamau, ko zaɓe. Batutuwa ne masu muhimmanci, sai dai idan mai ba da kuɗi ya riga ya zaɓi saƙo tun daga ofis, wasan kan koma talla, mutanen gari kuma su koma 'yan kallo. Akwai kuma ƙorafin da masu aikin da kansu suka daɗe suna yi, cewa bayan an tashi daga dandali ba kasafai ake samun kuɗin komawa garin a ga ko an gyara rijiyar da aka yi wasa a kanta ba. Abin da ake buƙata shi ne gidauniya ta cikin gida, wadda attajiranmu da gwamnatocin jihohi za su zuba wa kuɗi na shekaru, domin a horar da matasan ƙauyukan su riƙa shirya nasu wasan ko ɗaliban jami'a sun zo ko ba su zo ba.