Fina-finan bin sawun masu laifi: me ke riƙe mu a gabansu, a ina kuma suke tuntuɓe?

Duk wanda ya saba zaman fada a Damagaram ya san yadda ake yi bayan isha'i. Shayi na kan gawayi, an jingine salula ɗaya jikin gwangwani, kawuna biyar ko shida sun haɗu a kanta, ana gardamar wanda ya yi kisan tun fim bai kai rabi ba. Wasu fina-finan na Amurka ne, wasu na Indiya da aka juya zuwa Hausa, wasu na Kano, wasu kuma samarinmu ne suka haɗa da ƴan kuɗin aljihunsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu, da abin da nake gani.

Wane irin fim ake nufi?

Iri biyu ne da ake yawan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne wanda an riga an yi laifin, ɗan sanda ko jandarma yana bin sawu har ya kai ga mai shi. Galibi shiri ne mai dogon zango na tele, kowane kashi da nasa laifin. Na biyu shi ne fim mai sa fargaba, wanda masifar ba ta auku ba tukuna ko tana cikin aukuwa. A na farko mai kallo yana tambayar wa ya yi, a na biyu yana tambayar ko wannan baiwar Allah za ta tsira.

Me ya sa mutum ba ya iya tashi sai ya ga ƙarshe?

Saboda an ba shi aiki. A fim ɗin soyayya kallo kawai kake yi, a nan kuwa kai ma mai bincike ne: ka lura da takalmin da ke ƙofar ɗaki, ka riƙe cewa direban ya ce ƙarfe tara ya tafi alhali maigadi ya ce goma.

Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, yana da misalin da ya bayyana sirrin. Mutum biyu na hira a teburi, ba zato bom ya tashi, mai kallo ya razana na ƴan daƙiƙu, shi ke nan. Amma in tun farko an nuna masa bom ɗin a ƙarƙashin teburin, ya san lokacin da zai tashi, ga kuma agogo a bango, to hirar da ba ta da kan gado ma sai ta hana shi ƙifta ido. Shirin Columbo na Amurka a kan haka ya ginu: ana nuna maka mai kisan tun a farko, daɗin yana wurin ganin yadda ɗan sanda mai yamutsattsiyar riga zai kama shi da ƴan tambayoyin da kamar ba su da amfani.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Wanda aka sace wa babur ɗin kabu-kabu, ya yi ta zarya har ya gaji ya bar wa Allah, yana samun sanyi in ya ga labarin da gaskiya ta fito cikin minti arba'in. Ban raina wannan sanyin ba ko kaɗan.

Ashe ba rashin kuɗi ne ke kashe ƙananan fina-finai ba?

Ban yarda ba, kuma a nan na fi sha bamban da masu shirya fim ɗinmu. A 1992 Robert Rodriguez, darakta ɗan Amurka, ya fito da El Mariachi, wanda ya ɗauka a wani garin Meziko na kan iyaka da kuɗin da bai wuce dalar Amurka 7,000 da ƴan kai ba, fim ɗin kuma ya zagaya duniya. Shirin Derrick na Jamus ya yi kashi 281 daga 1974 zuwa 1998, kuma mafi yawansa mutane ne zaune a falo ana yi musu tambayoyi. Ba tseren motoci, harbi ma jefi-jefi.

Cikin dukkan nau'o'in fim, wannan ne ya fi jure talauci. Ɗaki ɗaya, mutum uku, da sirrin da ɗayansu ke ɓoyewa sun isa. Ƙaramin fim ma yana da abubuwan da babba ba shi da su. Ba ya iya gina unguwar ƙarya, dole ya shiga ta gaske: lungunan Birni da katangunsu na ƙasa, duwatsun da suka kewaye gari, cunkoson kasuwar Dole, layin jarkoki a bakin famfo. Ba ya iya ɗaukar fitaccen jarumi, wannan kuma alheri ne, domin da zarar mai kallo ya ga fuskar da ta saba fitowa a bos, ya gama sanin mai laifi tun a minti na biyar. Baƙuwar fuska ba ta tona asirin labari.

To a ina ƙaramin fim ya fi faɗuwa?

A sauti, kafin komai. Salular yau tana ɗaukar hoto mai kyau, amma murya sai an matso da makirfo kusa da baki. Ka duba fitowar da ta fi kowace muhimmanci: shaida ya sunkuyo zai faɗi sunan wanda ya gani. Daidai nan kabu-kabu ya wuce, injin markaɗe na maƙwabta ya tashi, iska ta bugi makirfon. Sai mai haɗa hoto ya ɗora kiɗa mai ƙarfi don ya rufe ɓarnar, ya ƙarasa binne maganar. Mutane na yafe hoto mai duhu, a fim ɗin fargaba ma duhun na taimakawa, amma ba sa yafe maganar da ba su ji ba.

Sai rubutu. Da yawa ana fita ɗauka da labari a ka kawai, a ce wa ɗan wasa "kai dai ka nuna ranka ya ɓaci." A wasan barkwanci hakan na iya tafiya. Labarin bincike kuwa kamar saƙar tabarma yake, kaba ɗaya ta kuɓuce tun a farko, sai ka ga ramin a ƙarshe. Dole marubuci ya san wanda ya yi, da yadda ya yi, da kuskuren da zai tona shi, kafin a kunna kyamara. In bai sani ba, sai ya nemi hanyar gudu, kuma hanyoyin mun haddace su: ƴar aiki ta laɓe bayan labule ta ji komai, uwa ta yi mafarki, mai laifi ya tsaya da bindiga a hannu yana ba da tarihin duk abin da ya aikata har ƴan sanda su iso. Duk waɗannan cin amanar mai kallo ne, wanda ya yi awa guda yana tara alamu, ashe ba a shirya yin amfani da su ba.

Jan labari ma ya zama ciwo tun da aka koma sakin shiri kashi-kashi a YouTube. Abin da zai ƙare a kashi shida sai a kai shi talatin, a cika da gaisuwa da tafiyar mota. Wutar bindigar da ake zanawa da kwamfuta kuwa, gara a bar ta. Ƙarar harbi daga bayan katanga da fuskar wanda ya ji ta sun fi tsoratarwa.

Manyan na waje fa, binciken da suke nunawa haka yake a zahiri?

Kaɗan haka ne, da yawa ado ne. Tun da shirin CSI ya fara a Amurka a 2000 aka saba ganin an ɗauki gashi ɗaya an sa a na'ura, kafin a sha ruwa suna da hoton mai shi sun fito. Gwajin ƙwayoyin halitta na gaske yana cin kwanaki ko makonni, kuma ba ya ba da suna sai in akwai samfurin wanda za a gwada da shi. Hoton kyamarar tsaro da ya dushe, ba na'urar da za ta fito da lambar motar da tun farko bai ɗauka ba. Yawancin bincike tafiyar ƙafa ne, da tambayar maƙwabta, da rubuta takardu.

Kotun ma ba irin tamu ba ce. Lauyan da ke zagaya zaure yana daka wa shaida tsawa a gaban mutum goma sha biyu da aka zaɓo daga gari, tsarin Amurka ne. Nijar tsarin Faransa ta gada: ƴan sanda ko jandarmomi su yi binciken farko a ƙarƙashin mai shigar da ƙara na gwamnati, babban laifi ya je hannun alƙali mai bincike, wanda aikinsa ya nemo abin da ke kama mutum da abin da ke wanke shi duka, a zaman shari'a kuma shugaban kotu ne ke jan tambayoyi. A laifi na yau da kullum, tsarewar komisariya awa 48 ce, ƙari sai da izinin mai shigar da ƙara. Ga kotun ɗaukaka ƙara nan cikin garin Damagaram, zaman shari'a kuma galibi a buɗe yake ga jama'a. Marubucin da ya je ya zauna ya saurara zai fito da abin da ya fi wanda yake kwafowa.

Wane aibi ne ya fi damunka?

Duka. A fina-finai da yawa, na Indiya da na gida musamman, bincike yana nufin a ɗaure wanda ake zargi a kujera, jarumi ya naɗe hannun riga, bayan mari uku gaskiya ta zubo. Kuma kullum wanda aka daka shi ne mai laifin, don haka mai kallo ya tafa. Ana koya mana a hankali cewa duka hanyar gano gaskiya ce, wanda ya tsaya bin doka kuma ragon ma'aikaci ne.

Tarihin binciken kansa ya ƙaryata wannan. Masanin kimiyya Alec Jeffreys ya gano hanyar bambance mutane ta ƙwayoyin halitta a jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Karon farko da ƴan sanda suka yi aiki da ita a shari'ar kisa, a 1986, abin da ta fara yi shi ne wanke wani saurayi ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa laifin da bakinsa. Mai laifin na gaske sai daga baya aka kama shi, aka yanke masa hukunci a 1988. Mutum na amsa abin da bai yi ba saboda tsoro ko gajiya ko ruɗewa, balle in ana dukansa. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1998. A garin da ihun "ɓarawo!" a kasuwa kan iya sa a far wa mutum kafin a tambayi me ya ɗauka, fim ɗin da ke ɗaukaka duka yana ƙara wa wuta mai ne. Ina jiran ranar da zan ga fim ɗin Hausa da aka daki mutum ya amsa, daga baya ta bayyana ba shi ba ne, jarumin kuma ya kwana da wannan nauyin.

Me ya sa mai laifi kullum kamarsa ɗaya?

Lalaci ne na marubuci, kuma yana da illa. Tabo a fuska, jajayen idanu, tsagaggen wando, zama a kango. Nan garin mun san wanda ake nufi in an zana wannan hoton: yaran ƙungiyoyin da ake kira palais, da unguwanni irin Kara-Kara, wadda tun asali aka ware ta ga masu cutar kuturta. Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta shiga unguwar ta yi fim ɗin gaskiya mai suna Zinder a 2021, ta bar samarin suka yi magana da bakinsu a kan rashin aiki, da gidan kaso, da safarar man fetur daga kan iyaka. Wanda ya kalle shi zai ga mutane masu iyaye da ƴaƴa da buri, abin da fim ɗin ƙirƙira ya kasa ba su. Mai sayar da fili ɗaya ga mutum uku kuwa, da babbar riga yake zuwa, da ƙamshin turare.

Gaskiya ne suna koya wa yara laifi?

Kwaikwayo akwai shi, a tafiya da sutura da laƙabi. Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, ya hango haka tun 1966 a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, inda saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Amma ba na ɗora wa fim abin da zaman banza da ƙwayar tramol da barin lakwal suka haifar. Abin da ya rage ga iyaye shi ne su san abin da ke cikin salular yaro, domin wasu fitowar jini da fyaɗe ba na idon ɗan shekara goma ba ne.

In matashin Damagaram zai yi irin wannan fim, daga ina zai fara?

Daga laifin da ya sani. Mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai da ke barin wasiƙa a kan gawa ba namu ba ne, aro ne, kuma ana ganewa. Namu suna nan birjik: man ruwa-ruwa da ke shigowa ta hanyoyin Magarya da Matamaye cikin dare, maganin jabu a tire, kiran waya na "ka ci kyauta, turo lambar sirri", shanun da suka ɓace tsakanin gona da burtali, gadon marayu da ya narke a hannun wanda aka ba amana. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Wa ya karɓi kuɗinsu, wa ya san halin da motocin ke ciki, wa ya yi shiru? Irin waɗannan tambayoyin ne labarin bincike ke rayuwa a kansu.

Mai binciken ma ba dole ya zama mai kaki ba. A nan, kafin magana ta kai komisariya ta kan bi ta wurin mai unguwa, wani lokaci har fadar Sarki. Dillaliyar da ke shiga kowane gida, ɗan ga-ruwa da ya san wanda ya tashi da asuba, mai gyaran salula da ke ganin abin da mutane suka goge, kowannensu ya san abin da jami'i ba zai ji ba. Ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, ya rubuta ƙarshen labarin kafin farkonsa, kuɗin da ya tanada na hayar mota da bindigar roba kuma ya sayi makirfo da su.