Waiwaye: Daga buɗe ƙofar jami'a zuwa zama teburi ɗaya

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin cin abinci na babbar jami'a da tsakar rana ya san abin da zan faɗa. Ɗalibai ɗaruruwa, ƙasa daban, ƙabila daban, addini daban, amma kowane teburi da harshensa. Ba wanda ya kafa doka, ba wanda ya kori wani. Kowa dai ya ɗauki farantinsa ya nufi inda za a gane shi ba sai ya yi dogon bayani ba. Wannan al'amari ba yau ya fara ba, tare da jami'a aka haife shi.

A Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda ake ƙirga kafuwar jami'arta daga 1088, baƙon ɗalibi ba shi da gata. Ana iya damƙe shi saboda bashin da wani ɗan ƙasarsu ya ci ya gudu. Sai ɗalibai suka haɗa kai bisa asali, kowace ƙungiya da shugabanta da asusunta, tana tsaya wa nata a wajen masu gidan haya da gaban alƙali. A Faris ƙungiyoyin huɗu ne. A Azhar ta Alƙahira ma haka tsarin yake: akwai ruwaƙi, wato masaukin ɗalibai, na Magaribawa, da na Turkawa, da na mutanen Sham, da na 'yan Jawa, kowanne da shehinsa da kason burodinsa daga waƙafi. Ni kam ba na ganin laifin wannan ko kaɗan. Yaron da ya baro iyayensa ya yi tafiyar watanni, dole ya nemi wanda zai ce masa sannu da harshen da ya sha a nono.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan maganar iko ta shigo. A 1409 Sarki Wenceslas na huɗu ya sauya tsarin ƙuri'a a jami'ar Prag, a ƙasar Czech ta yau: 'yan ƙasa suka sami ƙuri'a uku, sauran ƙungiyoyi uku na baƙi aka bar su da ɗaya tal. Malamai da ɗalibai Jamusawa suka tattara nasu ya nasu suka fice, kafin shekarar ta ƙare an kafa jami'ar Leipzig. Mutanen da suka shekara sittin suna karatu a inuwa ɗaya, rabon kujera ya raba su.

Tunanin cewa haɗa baƙi da 'yan gida aiki ne da sai an tashi tsaye an yi shi, bai kankama ba sai ƙarni na 20. Wata safiya a 1909 wani Ba'amurke mai suna Harry Edmonds yana kan matakalar ɗakin karatu na jami'ar Kolumbiya a New York, ya gaida wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin. Ɗalibin ya tsaya ya yi masa godiya, ya shaida masa cewa makonsa uku a birnin, shi ne mutum na farko da ya yi masa magana. Mako uku! Abin ya tsaya wa Edmonds a rai. Shi da matarsa suka fara gayyatar baƙin ɗalibai gidansu ranar Lahadi, taro ya yi ta girma har gida ya kasa ɗauka. A 1924, da kuɗin attajiri John D. Rockefeller ƙarami, aka buɗe katafaren masaukin da baƙi da Amurkawa za su zauna tare. Shekara ɗaya bayan haka Faransa ta buɗe unguwar ɗaliban duniya a Faris, lokacin raunin yaƙin duniya na farko bai warke ba. Ƙasashe da dama sun gina nasu gida a can, amma tsarin wurin shi ne kowane gida ya yi musayar wani kaso na mazaunansa da sauran gidaje, don kada a koma gidan jiya.

Wannan duk zancen baƙo ne. Akwai kuma ɗan gida da aka mai da bare a ƙasarsa, kuma nasa ya fi ciwo. Afirka ta Kudu ta kafa doka a 1959 da ta raba jami'o'i bisa launin fata. A Amurka kuwa, da James Meredith, baƙar fata, ya je shiga jami'ar Misisifi ta farar fata a 1962, tarzoma ta ɓarke, mutum biyu suka mutu, sai da Shugaba Kennedy ya tura sojoji. An yi masa rajista, kotu ta yi nata. Amma idan ya zauna cin abinci, waɗanda ke kusa sai su tashi ko su juya masa baya. Da dare waɗanda ke saman ɗakinsa su yi ta buga ƙwallo a daɓe don kada ya runtsa. Haka ya daure har ya gama a 1963. Duk lokacin da na ji ana alfahari da yawan waɗanda aka ɗauka, wannan ɗakin nake tunawa.

Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya riga ya yi wannan gargaɗi tun 1954. A ganinsa cuɗanya kan rage ƙyama, amma da sharaɗi: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare maimakon gasa, hukuma kuma ta mara wa abin baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515, suka tarar cuɗanya tana aiki, kuma ta fi aiki idan an cika waɗannan sharuɗɗa.

Da waɗanda aka hana shiga suka shiga, sai tambaya ta sauya: tarihin wa ake koyarwa, da harshen wa, gunkin wa ke tsakar fili? Yajin ɗalibai na wata biyar a kwalejin jiha ta San Francisco daga 1968 zuwa 1969 shi ya haifar da tsangayar nazarin ƙabilu ta farko a Amurka. A Afrilun 2015 ɗaliban jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu suka sa aka ɗauke gunkin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka. A gefe guda yawo neman ilimi ya bunƙasa. Shirin Erasmus na musayar ɗalibai a Turai ya fara a 1987 da ɗalibai dubu uku da 'yan kai, yanzu miliyoyi sun bi ta cikinsa. Masu karatu a wajen ƙasarsu sun tashi daga kimanin miliyan 2 a shekarar 2000 zuwa sama da miliyan 6 cikin shekaru ashirin. Jami'o'i suka buɗe ofisoshi, suka ware ranar al'adu, a yi rawa a sa tufafin gargajiya. Ba laifi, amma kwana ɗaya ne cikin shekara, washegari kowa ya koma teburinsa.

Yanzu ma iska ta juya a wasu wurare. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jihar Texas kuma ta rufe ofisoshin daidaita tsakanin jinsi da ƙabilu a jami'o'in gwamnati daga Janairun 2024. Muhawarar ta yi zafi, kuma kusan dukkanta a kan ƙofar shiga take.

Abin da ya fi kama hankalina kuwa yana can cikin ɗakin kwana. A jami'ar Cape Town ɗin nan, ana raba wa sababbin ɗalibai abokan ɗaki ba tare da sun zaɓa ba. Lucia Corno da Eliana La Ferrara da Justine Burns suka bi sawun waɗannan yara, suka fitar da sakamako a 2022. Farin da ya kwana ɗaki ɗaya da baƙar fata, mummunan zaton da yake yi wa baƙar fata ya ragu, abokansa na wani launi suka ƙaru. Ɗalibi baƙar fata da ya zauna da fari, makinsa ya ɗaga, ya fi cin jarrabawa, barin makaranta ya ragu, kuma karatun farin bai ja baya ba. Ba lacca aka yi musu ba. Fitila ɗaya suke kashewa, su yi gardama a kan wa zai share ɗaki, wannan ya ga wancan yana ibadarsa da asuba ko yana kukan kewar gida. Jami'ar Duke a Amurka ta bi wannan hanya tun 2018, lokacin da ta lura sababbin ɗalibai kan nemo irinsu ta intanet tun kafin su iso: ta daina barin ɗan ajin farko ya zaɓi abokin ɗakinsa, ita ke haɗa su.