Ƙwallon PS da na waya: daɗinsa da takaicinsa

Duk unguwar da ka shiga a Maraɗi, daga Zariya har Bagalam, da wuya ka rasa shagon da aka jera tele biyu ko uku, samari sun cika benci kowa yana jiran manet ta zo hannunshi. Ga tambayoyin da iyaye da sababbin shiga suka fi yi a kan wannan wasan ƙwallo na PlayStation (PS) da na waya.

Wai PES da FIFA ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kamfani biyu ne. FIFA na EA Sports ne na Amurka, sun fara fitar da shi a 1993, sai suka rabu da hukumar FIFA bayan FIFA 23, shi ya sa tun 2023 sunan ya koma FC. PES kuma na Konami ne na Japan, manyanmu sun san shi da Winning Eleven, a 2021 aka maida shi eFootball kuma aka ce kyauta ne. FIFA ya daɗe da riƙe lasisin manyan kulob, PES kuwa sai ka ga Man Red maimakon Manchester United, North London maimakon Arsenal, amma duk da haka mutanenmu da yawa PES suka fi so saboda yadda ƙwallo ke tafiya a ƙafa. Hatta buton ba ɗaya ba, a PES kare (mai kusurwa huɗu) ne shot, a FIFA ron (mai da'ira) ne, wanda ya saba da ɗaya in ya koma ɗayan sai ya zo gaban gola ya yi kuros.

Mene ne daɗin da ke sa mutum ya wuni a kai?

Daɗin yana ga wanda ke zaune kusa da kai. Kuna benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, ka danna tiriyangil ƙwallo ta ratsa tsakanin 'yan baya biyu, ɗan gabanka ya fita shi kaɗai da gola, kafin ma ka buga na bayanku sun miƙe tsaye suna ihu, shi kuma abokin naka ya yi tsit yana kallon manet ɗinshi. A cikin minti goma an yi mach an gama an san gwani, kuma a shaguna da yawa wanda aka ci shi ke biya, to ka ga ba wanda ke wasa da wasan.

Sannan yana koyar da ƙwallo da gaske. Yaron da bai taɓa zama gaban koci ba zai yi maka bayanin bambancin 4-3-3 da 4-4-2, ya gaya maka me ya sa ba a barin tsakiya fanko. Waɗanda suka yi zamanin PES 6 na 2006 a PS2 har yau suna zancen Adriano na Inter da ƙarfin shot ɗinshi 99, da Master League inda ake farawa da su Castolo da Minanda, 'yan wasan da babu su a duniya, ka yi ta tara maki har ka sayi manya. Wannan haƙurin na gina kulob daga ƙasa ni a wurina ya fi duk wani kyan hoto na PS5.

To ina takaicin yake?

Na farko kuran. Kana gaba da ci biyu, saura kaɗan a tashi, ɗif, wuta ta tafi, in shagon ba grup shi ke nan sai gardama a kan wa zai biya, musamman watan Afrilu da zafi ya yi zafi. Na biyu manet. Hannu ɗari ke taɓa ta a rana, analog ya saki yana ja gefe ɗaya, ɗan wasanka na tafiya hagu kai ba ka taɓa komai ba, R1 ya nutse an naɗe shi da sikoc. Shi ya sa masu wayo kafin a fara sai sun gwada duka biyun.

Amma babban ciwon shi ne onlayin. Wasan nan na daƙiƙa ne, in rezo ya yi nauyi sai ka danna pas yanzu, ɗan wasan ya bayar bayan an riga an ƙwace ƙwallon, kuma na'urorin da ke haɗa 'yan wasa suna nesa da mu, wanda ke Faransa da intanet mai ƙarfi ya riga ka tun kafin a busa. In ya yanke gaba ɗaya sau da yawa kai za a rubuta wa faɗuwa. Ga sabuntawa da ke cinye forfe, ka sayi mega don ka yi wasa, su ƙare a saukewa.

Gaskiya ne wasan da kanshi yake zaɓen wanda zai ci?

Wannan zargi ya daɗe, kowa ya taɓa ganin ranar da shot ɗinshi ke ta dukan ƙarfe, a minti na 90 kuma a zura mishi. An ma kai EA kotu a Kalifoniya a 2020 a kan haka, kamfanin ya musanta, a 2021 masu ƙarar suka janye bayan an nuna musu yadda aka gina wasan. Ni abin da na yarda da shi, akwai sa'a a ciki kamar ƙwallon fili, kuma mutum in yana gaba yakan saki jiki, in an rama ɗaya hannunshi ya fara rawa.

Tunda an ce kyauta ne, ina kuɗi ke shiga?

Nan nake so iyaye su buɗe ido. Sauke eFootball kyauta ne, amma a can da a FC manyan 'yan wasa a cikin fakiti suke, ka biya ba ka san wa zai fito ba. EA ta kawo Ultimate Team, sashen da ake gina kulob da waɗannan fakiti, a 2009 kuma shi ya zama babbar hanyar kuɗinta. Beljiyam a 2018 ta ce irin wannan fakiti caca ne, a farkon 2019 EA ta daina sayar da makin da ake sayen fakiti da shi a ƙasar. Yaro ya tara jika biyu ko uku da ƙyar ya ba wani ya saya mishi koyin, ya buɗe bai samu wanda yake so ba, gobe ya sake nema. Kuma a FC kulob ɗin da ka gina bana ba ya bin ka zuwa na baɗi, daga farko za ka koma.

Me ya sa ba a ganin namu a ciki?

Lasisi ne da kasuwa, kamfanonin suna bin inda ake sayen wasan da tsada. Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta je gasar kofin Afirka ta CAN a 2012 da 2013, amma in kana son ka riƙe ta da sunaye na gaskiya, ko ka ga kulob ɗin Ɗan Kasawa na Maraɗi a tele, yawanci sai dai a shiga edit a ƙirƙira da hannu, ko a sa faci, wato gyaran da wasu ke ƙara wa wasan, a tsohon PES. Masu yin wannan aikin suna burge ni ƙwarai.

Wanda zai fara yau, da wanne zai fara?

In waya ce gare ka kuma rezo ba tabbas, Dream League Soccer ba shi da nauyi sosai kuma ana buga na'ura ba sai da intanet mai ƙarfi ba. In kana da abokin bugawa, tsohon PES a PS2 ko PS3 ya ishe ku, ba forfe ba koyin. Ka fara da pas gajere, ka rage danna gudu, ka riƙe kulob ɗaya har ka san ƙafar kowa a ciki, onlayin kuma ka bari sai dare ya yi nisa lokacin da rezo ya ɗan sake.