Jarumin da ke cikin wayarka ba ya jin barci, kai kana ji

Na gaji da yi wa yara gwajin maleriya alhali ba ita ke damunsu ba. Kusan kowane mako sai an shigo mini da saurayi ɗan shekara 15 zuwa 20, ido jajur, ya dafe kai, uwa na biye da shi da leda cike da magungunan kemis. An sha na zazzaɓin cizon sauro zagaye biyu, an sha na taifot, har da na ƙarin jini. In soka masa allura a yatsa, in ɗiga jinin, mu jira. Layi ɗaya, wato babu maleriya. Jiki ba zafi, awon jini lafiya lau. Sai in ajiye biro in ce, ƙarfe nawa ka kwanta jiya? Nan zai sunkuyar da kai, uwar ta riga shi amsawa: "Ai Malama, wannan sai an kira assalatu."

Ɗaya daga cikinsu, ɗan aji biyar a sakandare, na ce ya nuna mini abin da ke hana shi barci. Na zaci hira ce da budurwa. Ashe gem ne, irin wanda ake shiga wata duniyar tatsuniya ta intanet, mai dodanni da matsafa da sarakuna, kowa ya ƙera nasa jarumin yana yawo da shi yana yaƙi. Yaron da tun shigowarsa bai ɗaga ido ya kalle ni ba, sai ga shi ya jawo kujera kusa da ni. Ya nuna mini wani dogon mutum mai farin gashi, sanye da sulke, riƙe da takobi mai ci da wuta. Shi ya zaɓa masa fuska, shi ya raɗa masa suna. Ya ce, "Anti, shekara biyu ina rainonsa. Takobin nan sai da na yi wata uku kafin na same shi." Rainonsa fa ya ce.

Ban yi masa dariya ba, ku ma iyaye ku daina. Duk wanda ya yi kiwon tattabaru da ƙuruciya ya san wannan ciwon. Ƙanina kwana biyu ya yi bai ci abincin kirki ba da muzuru ya shiga ɗakin tattabarunsa. Abin da ka zuba wa lokaci da wahala dole ya shiga ranka. Ga kuma abokan tafiya, ƙungiyar da suke fita yaƙi tare, wani a Legas, wani a Indonesiya, wani a Burazil. Yaron da a gida ba a kiran sunansa sai za a aike shi ko za a yi masa faɗa, a can shi ake jira, shi ake cewa in babu shi ba a cin yaƙi. Wa zai ƙi inda ake yabonsa?

Ni ba ƙaunar ce ke ɓata mini rai ba. Tattabara magariba na yi ta shige ɗaki, mai ita ma ya samu ya kwanta. Wannan kuwa ba shi da magariba. Abu ɗaya nake faɗa da shi, kuma zan yi ta maimaitawa har ku gaji da ni: kwana a kan gem.

Ku kuma samari, na san dalilanku, kun sha jera mini su. Datar dare ta fi arha. Wuta sai tsakar dare ake kawowa. Da dare ne babu mai aikenka. Abokan da ke wata nahiyar lokacinsu daban da namu. Ga kyautar da ake ba duk wanda ya shiga kullum, ga gasar da za a rufe bayan kwana kaɗan, in ka bari ta wuce shi ke nan. Duk na ji. Amma ɗana, shi jarumin naka ba shi da ƙwaƙwalwar da za ta gaji, ba shi da jarrabawa gobe, ba ya zuwa shagon ubangida da safe. Ka kashe waya yau, gobe ka kunna, za ka tarar da shi tsaye inda ka bar shi. Kai ne kake ramewa. Mai shekara 13 zuwa 18 barcin awa 8 zuwa 10 jikinsa ke nema. Kai kana ba shi awa uku, sannan ka ɗora masa lemon ƙara kuzari da farasitamol, ka zo kana tambayata me ke sa maka faɗuwar gaba da rawar hannu. Haba!

Kuma ba 'yan makaranta kaɗai ba ne. Na ɗinke goshin wani magidanci mai tuƙa adaidaita sahu, gyangyaɗi ya ɗauke shi da hantsi ya daki bayan mota. Allah ya taƙaita, babu fasinja a ciki. Da na matsa masa da tambaya, sai ya ce ƙungiyarsu ce ta yi babban yaƙi daren jiya, kuma shi ne mai yi wa sauran magani a gem ɗin, ba dama ya fita. Mai yi wa mutane magani a waya, ga shi kwance a gabana ina neman zare.

Kada wani ya ce mu ne muka ƙirƙiro zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Ba kowane mai buga gem ake nufi ba, ƙalilan ne ke kaiwa nan. Alamomin su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya sha gaban komai na rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ake yi masa, aƙalla tsawon wata 12. Ƙasar Sin a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya ta buga gem ɗin intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Koriya ta Kudu ta taɓa kafa dokar rufe wa 'yan ƙasa da 16 gem daga 12 na dare zuwa 6 na safe a 2011, ta soke ta bayan shekara goma ta mayar wa iyaye ragamar. Mu nan babu wata doka da za ta zo ta kashe wa ɗanki waya, Hajiya. Ke ce dokar.

Amma ku ma iyaye ina da magana da ku. Fasa waya da goge masa akawun ba magani ba ne. Wanda kuka goge ɗin nan, a wurinsa kamar yanka masa tattabaru ne a gabansa. Zai daina yi muku magana, ya je ya ari wayar aboki, ya koma kwana a waje, kun ga an gudu ba a tsira ba. Sannan kafin a ce shafar aljanu ce don yaro na zabura yana magana shi kaɗai da dare, a duba kunnensa tukuna, wataƙila da abokan yaƙinsa yake magana.

Ga abin da nake gaya wa kowa, layi na jirana:

- Ƙarfe 10 na dare waya ta bar ɗakin kwana. A ɗakin uwa za ta yi caji.
- A ba shi lokacinsa na gem da rana ko bayan la'asar, a kuma cika alkawari.
- Ya sanar da 'yan ƙungiyarsu cewa ba ya fita yaƙin dare. Waɗanda suka kore shi a kan haka, a sauka lafiya.
- Banda lemon ƙara kuzari da shayi mai kauri da yamma.
- Kada a bar katin banki a wayar yaro. Akwatunan sa'a da ake saya don neman sabon jarumi ko makami, Beljiyam tun 2018 ta ɗauke su a matsayin caca.
- In ya bar makaranta ko aiki, ya daina wanka da cin abinci, yana sata don data, ko yana zancen ya gaji da rayuwa, kada a jira. A kawo shi mu tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne.

Yaron nan mai takobi ya dawo bayan mako uku, uwar ce ta kawo ƙaninsa rigakafi ya rako ta. Idon ya washe. Ta ce kwana huɗun farko sun sha rigima, har tuwon dare ya ƙi ci, yanzu kuwa da kansa yake miƙo wayar tana jefawa cikin langa ta rufe. Na tambaye shi ya mutumin namu. Ya ce yana nan, sai dai wasu sun wuce shi da lebul biyu, wato mataki biyu a gem ɗin, kuma abin na yi masa ciwo. Na ce ciwon kan fa? Ya sosa ƙeya ya ce wannan kam ya tafi.