Ƙara wa dogon ƙwan lantarki ƙarfi a tankin kifi

Wannan dabara ce ta masu kiwon kifin ado, inda ake tura wa dogon ƙwan fulorasan wuta fiye da wadda aka ƙera shi a kanta domin ya ƙara haske. Masu shuka tsirrai a cikin tanki da masu renon murjani ne suka fi yin ta, saboda hasken da ya ishi kifi ba ya isar tsiro.

A cikin ƙwan akwai tururin zaiba. Idan wuta ta ratsa shi sai ya fitar da hasken da ido ba ya gani, farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi kuma ya mayar da shi hasken da muke gani. Na'urar da ake kira balas ita ce ke ƙayyade yawan wutar. Sai mai tanki ya samo balas na zamani da aka yi domin ƙwai 4, ya haɗa wayoyinsa a kan ƙwai 2, ko ma 1. An fi yin haka da ƙwan T8, mai kaurin inci 1, wanda mai tsawon ƙafa 4 ke cin wat 32. Tsohon balas mai naɗin waya ba ya yin wannan aiki.

Ninka wuta ba ya ninka haske, kaso mai yawa zafi yake komawa. Nan ne matsalar take. T8 ya fi haske idan iskar da ke kewaye da shi tana wajen digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, ƙwan T5 kuwa, wanda ya fi shi siranta, wajen 35. Da zarar murfin tanki, inda ake ɗaura ƙwan, ya ɗau zafi fiye da haka, tururin zaibar sai ya yi yawa, ya riƙa shanye hasken da shi kansa ya fitar. Wato mutum na iya biyan kuɗin wuta ninki biyu, ƙwan kuma ya dushe. Alamun a bayyane suke: bakin ƙwan ya yi baƙi da wuri, robar mazauninsa ta koma ruwan ƙasa, ka taɓa ta ta farfashe. Irin wannan mazauni yana iya tartsatsi, a canza shi nan take.

Maganin dai iska ce. Ƙaramar fankar kwamfuta a gefen murfin, da huda a ɗaya gefen, sun fi komai tasiri. Balas ɗin a ɗaure shi a waje, nesa da danshi. Ruwan ma sai an sa masa ido, don yawancin kifayen ƙasashe masu zafi sun fi son digiri 24 zuwa 28, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Ga saurin ƙafewa.

Wuta da ruwa ba sa ga maciji, shi ya sa ake sa na'urar da ke katse wuta idan ta zurara, a kuma cire soket kafin a taɓa waya. Ƙwan da ya mutu ba a fasa shi, saboda zaibar. Yanzu fitilun LED sun karɓe yawancin wannan fage.