Haɗa Harsashi da Hannu: Tambayoyin da Ake Yi a Zariya da Amsoshinsu

Tun da matsalar tsaro ta tsananta a yankunan Giwa da Birnin Gwari, hirar bindiga ta shiga majalisun Zariya, kuma matasan da ke ganin bidiyon Amurkawa suna cika kwanson harsashi a gidajensu sukan tambaya ko abin zai yiwu a nan.

Me ake nufi da haɗa harsashi da hannu?

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da ɗan maɓallin da ke gindinsa mai ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi, da albarushi, da ƙwayar da ke fita ta baki. Bayan harbi kwanso ne kaɗai ke saura. Masu wannan aiki sukan tsince shi su mayar da shi girmansa na asali da na'urar matsi, sannan su sabunta sauran ukun. A Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya yi haka domin amfanin kansa, kuma yawancinsu rage kuɗi suke nema ko ƙarin daidaiton saiti a gasar harbi.

Ai mafarautanmu sun daɗe suna ɗura bindigar toka da hannu, ina bambancin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin kamannin da ake gani tsakanin ayyukan biyu shi ne ke iya hallaka mutum. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon maharbi ya san yadda yake yi: ya zuba baƙin albarushi a tafin hannu, ya auna da ido, ya juye a bututu, ya danna tsumma da sanda, ya bi da dalma. Baƙin albarushi yana da ɗan haƙuri da irin wannan awon. Na harsashin zamani kuwa wani sinadari ne dabam, marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, kuma ana auna shi da ma'aunin da ɗayansa bai kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba. A cikin harsashin .223, wani nau'in ƙaramin harsashin doguwar bindiga, matsin iska yakan kai fam 55,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali tayar ƙaramar mota kusan fam 32 take ɗauka. Idan aka zuba wannan albarushi a bindigar da maƙeri ya ƙera, bututun na iya tarwatsewa a fuskar mai ita.

Me ya sa bindiga mai ɗura wa kanta harsashi ta fi tsanani?

Irin wannan bindiga tana fitar da harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama, sannan ta yi amfani da iskar harbin ko ƙarfin jan baya ta tofar da kwanso ta ɗauko wani. Saboda haka ba ta da hannun mutum da zai ji cewa harsashi ya cije ya dakata. Kwanson da ya ɗan kumbura zai maƙale, maɓallin da bai zauna daidai ba kuma yana iya tashi kafin a gama kulle ɗakin harsashi. Masu tsohuwar bindigar sojan Amurka, M1 Garand, sun san cewa albarushin da bai dace da ita ba yakan lanƙwasa sandar da ke motsa ta.

Wane haɗari ne ya fi yawa?

Albarushi ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Na biyun ya fi yaudara, domin ƙwayar takan tsaya a cikin bututu, mai harbi ya ji ƙara ba ta kai ba amma ya sake jan kunama, na baya ya tarar da na gaba. Akwai kuma gubar dalma da ke bin hannu da ƙura ta shiga ɗaki, kuma mu a Arewa mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon ƙurar haƙar zinariya.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar Bindigogi ta 1959 ta haramta wa kowa ƙera harsashi ko haɗa shi, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji da Shugaban Ƙasa ya amince da ita, kuma hukuncin saɓa wannan bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Na soja, irin masu cin harsashi mai kaurin milimita 7.62, izininsu na hannun Shugaban Ƙasa, na farauta na zamani suna hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da lasisinta. Lasisin riƙe bindiga ba ya nufin izinin haɗa mata harsashi, kuma ɗan sa-kai ko maharbi ba shi da wani togaciya a nan, duk da cewa na san halin tsoro da ke sa mutanen ƙauyukanmu tunanin haka.

To mai sha'awar ilimin fa, ina zai nufa?

Kamfanin ƙera makamai na ƙasa, DICON, wanda aka kafa a 1964, yana Kakuri a Kaduna, kuma can ake yin harsashi bisa doka. Aikin na buƙatar masana sinadarai da ƙarafa da injuna, fannonin da Jami'ar Ahmadu Bello ke koyarwa a Samaru. Wanda kuma zuciyarsa ke ga aikin damara, Depot na sojojin ƙasa, wato cibiyar horar da sababbin sojoji, yana nan cikin Zariya tun 1924.